Agusta da Maris a asibitin sha-ka-tafi: wanne ya fi buƙatar tallafi?

Malam, ka ce kwamitin mazaɓarku ya tara 'yan kuɗi don tallafa wa asibitin sha-ka-tafi, kana tambaya ko a damina za a kashe su ko a rani. Bari in ajiye maka wata biyu gefe da gefe.

Agusta watan cunkoso ne. Zazzaɓin cizon sauro kan fara hawa tun Yuli, ya yi ƙamari daga Agusta har Oktoba. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, sai tamowa ta kama yara. In ambaliya ta shiga rijiyoyi, ga amai da gudawa. Abin da ke ƙarewa a ɗakin magani sananne ne: kayan gwajin zazzaɓi, maganinsa, ruwan gishiri da sukari, ledar ƙarin ruwa. Hankalin ma'aikata ma a rabe yake, domin a watannin nan ake bi gida-gida duk wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓi, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, kuma ma'aikatan asibitin ne masu sa ido kan rabon.

A Maris benci ba ya cika haka. Mura da tarin hunturu sun ja baya, 'yan ci-rani sun tafi. Sai dai lokacin ƙyanda da sanƙarau ke nan, wanda ya ga annobar sanƙarau ta Kano a 1996 ko ta Zamfara da Sakkwato a 2017 ba ya buƙatar bayani. A nan hanzari ake nema, ba tarin magani ba: firjin rigakafi mai aiki, da man motar kai mara lafiya babban asibiti. Yaron da wuyansa ya sanƙare ba na sha-ka-tafi ba ne.

Inda nake so ka yi hattara shi ne fom ɗin ƙarshen wata, wanda ake kaiwa ƙaramar hukuma a shigar da shi DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya. Waɗanda suka zo yake ƙirgawa, ba waɗanda suka kwanta ciwo a gida ba. A Maris hanya a buɗe take, don haka lissafin ya fi kusa da gaskiya. A Agusta kuwa rafi ya cika, maigida na gona, aljihu ba komai, uwa sai ta tsaya a kemis ɗin bakin layi. Mafi muni, in magani ya ƙare a tsakiyar wata labari kan bazu, mutane su daina zuwa, adadi ya sauka. Mai duba takarda a ofis sai ya ɗauka ciwo ne ya ragu.

A ganina ku ba damina kaso mafi tsoka, amma ku yi sayayyar tun Yuni, kafin hanya ta lalace. Ku ware kaɗan na jigila a Maris da Afrilu. Kafin ku fitar da ko kwabo, ku zauna da shugaban asibitin, ku nemi katin shige da ficen magani na bara, ku ga kwana nawa kowane magani ya yi babu shi. Ku kuma tambaye shi ko suna samun kuɗin asusun kula da lafiya matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, don kada ku sayi abin da aka riga aka biya.