Dutsen kogo, dutsen aman wuta da lakar teku: wanne ya fi riƙe tarihin maganaɗisun duniya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsiron dutsen da ke tasowa daga ƙasan kogo ya fi dutsen aman wuta da lakar ƙasan teku amana wajen nuna inda allurar kamfas za ta fuskanta a zamanin da. To, ya danganta da abin da kake nema.

Narkakken dutse idan yana hucewa, da zarar zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 580 a ma'aunin Salshiyas, ƙwayoyin maganetait (wani ma'adinin ƙarfe mai maganaɗisu) da ke cikinsa sukan ɗauki alƙiblar maganaɗisun duniya su kafe a haka. Daga gare shi ake samun ainihin ƙarfin maganaɗisun a wancan lokaci. Sai dai dutse ba kullum yake aman wuta ba, tsakanin wani aman da wani akan yi shekaru dubbai ba shaidar komai.

Lakar teku kuwa takan kai miliyoyin shekaru a jere. Amma tsutsotsi na yamutsa samanta, nauyin da ke taruwa yana danne ƙwayoyin maganetait da ke cikinta su kwanta, sai canjin da ya faru cikin ƙarni ɗaya ko biyu ya dushe.

A nan ne nake ba kogo hannu. Ruwa na ɗigowa daga rufi ɗauke da ƴar ƙurar maganetait, ƙurar ta juya ta bi maganaɗisu a cikin siririn ruwan da ke kan dutsen, farar ƙasa ta daskare a kanta. Babu tsutsa, babu dannewa. Ga kuma agogo a jikinsa: sinadarin yuraniyam, wanda a hankali yake ruɓewa ya koma toriyam, na narkewa a ruwa, shi kuwa toriyam ba ya narkewa, don haka toriyam ɗin da aka tarar a ciki daga ruɓewar yuraniyam ya fito, da shi ake ƙirga shekarun kowane sashe. Dubi gocewar Laschamp, lokacin da maganaɗisun duniya ya yi rauni ya karkace kimanin shekaru 41,000 da suka wuce. A dutsen aman wuta na Faransa aka fara gano ta a shekarun 1960, amma a 2016 wani tsiron dutse daga kogon Crevice a jihar Missouri ta Amurka ya nuna farkonta da ƙarshenta a jere, da shekarunsu.

Kada dai ka ɗauka ba shi da aibi. Ƙurar ƴar kaɗan ce ƙwarai, sai na'ura mai tsananin ji ke iya karanta ta. In fari ya yi tsawo ɗigon ruwa ya tsaya, tsiron ma ya tsaya, sai a sami giɓi. Ƙarfin maganaɗisu kuma hawa da saukarsa kawai yake nunawa. Agogon yuraniyam da toriyam bai cika wuce shekaru 500,000 ba, alhali juyewar ƙarshe da arewa da kudun maganaɗisun duniya suka yi musanyar wuri ta faru kimanin shekaru 780,000 baya. In ita kake bi, laka da dutsen aman wuta za ka fara nema.