Sharhina kan sikas, shukar adon nan mai kama da dabino

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu yawan tambaya ta kan shukar da ke tsakar gidana, sunanta sikas, Cycas revoluta, kuma ba dabino ba ce duk da ganyen ya so ya yi kama. Asalinta kudancin Japan ne, danginta suna duniya tun zamanin dinoso, manyan dabbobin nan na dā da suka ƙare. Wajen wani mai saida shuke-shuken ado na saye ta nan cikin Maradi, jika 15 har da tukunya, gaskiya da tsada amma ban yi nadama ba.

Kyau kam akwai shi wallahi. Ganyen kore shar, mai tauri da sheƙi, ba ya zuba ya ɓata maka tsakar gida. Sai dai fa in kana da gaggawa kar ma ka saya, don girmanta a hankali yake ƙwarai, galibi sau ɗaya a shekara take fitar da sabon ganye. Amma ranar da ta tashi fitarwa abin kallo ne, daga tsakiyar kanta za su ɓullo gaba ɗaya a nannaɗe, laushi tuɓus da ɗan gashi-gashi ruwan ƙasa, suna warwarewa kaɗan kaɗan har su buɗe, to a wannan lokacin kar ka juya tukunya kar kuma yara su riƙa taɓawa, don yadda ganyen ya karkace haka zai bushe ya zauna.

Ranarmu ta watan 4 da na 5, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tana ƙona bakin ganyen ya koma rawaya. Ni inda hantsi ke samunta na aje ta, kafin azahar inuwar dogon yaro ta rufe ta. Ƙasa kuma rairayin gulbi na haɗa da takin da ya ruɓe sosai, tukunyar da huji a ƙasa. Ruwa ba kullum ba, sa yatsa ka ji in ƙasar ta bushe sannan ka zuba, yawan ruwa ruɓar da saiwar yake. Da damina na kan ɗora tukunyar kan bulo. Da hunturu a wanke mata ƙura, a leƙa bayan ganyen don akwai wasu ƙananan ƙwari farare da ke mannewa kamar an barbaɗa gari, ruwan sabulu da tsumma nake goge su tun ba su yi yawa ba.

Abin da ya ɓata min rai shi ne mai saidawar bai ce min komai kan guba ba, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a garinmu. Shukar nan duk jikinta guba ne, ganye, gindi, saiwa, ƙwallayen da macen ke yi (shukar akwai mace akwai namiji) masu launin ja-ja su suka fi muni. Gubar sunanta sikasin, hanta take lalatawa. A Ostireliya shanun da suka ci danginta ƙafafun bayansu ke shanyewa. To mu nan gida nawa ne babu jar akuya ko ragon layya a ɗaure, kuma kowa ya san akuya ba ta barin kore ya wuce ta, ga yara masu rarrafe da ke kai komai baki. Don Allah masu saida shuke-shuke ku riƙa faɗa wa mutane, ba zai hana ku ciniki ba. Tawa na kewaye ta da waya, kuma ganyen da na yanke ba na zuba shi a bola inda dabbobin unguwa ke kiwo, rami nake yi in binne. In dabba ta ci kar a tsaya jiran alama, a kai ta wajen likitan dabbobi nan take, yaro kuwa asibiti.

Wanda gidansa dabbobi ke yawo a sake, shawarata ya haƙura da ita. Wanda ke da wurin da zai killace kuma zai iya aje ta, in ta girma tana fitar da 'ya'ya a gindi, a yanke da wuƙa mai tsabta, a bar su a inuwa kamar sati ɗaya bakin ya bushe sannan a dasa cikin rairayi, suna ɗaukar watanni kafin su kama. A sa safar hannu, akwai ƙaya a ƙasan reshen.