Landan ko Kef Tawun: ina ya fi dacewa da mai son binciken lafiyar ƙwaƙwalwa?

Wata 'yar'uwa a wannan zaure, ma'aikaciyar jinya a asibitin masu taɓin hankali, ta tambaya ko ta nemi digiri na biyu kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya a Landan, ko kuwa ta nemi na Kef Tawun a Afirka ta Kudu, kasancewar burinta shi ne ta zama mai bincike. Malama, ga yadda nake kallon su biyun.

Karatun Landan na haɗin gwiwa ne tsakanin King's College da Makarantar Tsafta da Magungunan Ƙasashe Masu Zafi, kuma shekara ɗaya ake yi idan mutum ya ajiye aiki ya zauna. Yawancin shekarar a aji take ƙarewa, ana koyon ilimin yaɗuwar cututtuka, da lissafin ƙididdiga, da yadda ake tsara magani a gwada ingancinsa a ƙasashen da likitoci suka yi ƙaranci. Daga wannan da'ira ce masu bincike su Vikram Patel da Martin Prince suka jagoranci jerin maƙalun mujallar likitanci ta Lancet na 2007, waɗanda suka ɗora fannin a kan ƙafafunsa, shekara guda kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP na faɗaɗa kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wanda ya zauna a wannan ajin zai fito da tushe mai ƙarfi da abokan aiki daga nahiyoyi da dama. Sai dai kundin bincike a 'yan watannin ƙarshe ake rubuta shi, shi ya sa ɗalibai da yawa kan tsaya ga nazarin binciken da aka riga aka wallafa, ko bayanan da wasu suka tattara. Ga kuma tsadar makaranta da ta zaman Landan, wadda ba ta ɗaukuwa da albashin asibiti sai da tallafi irin na Chevening ko na Ƙungiyar Kwamanwel.

Na Kef Tawun kuwa, wanda Cibiyar Alan Flisher ta jami'o'in Kef Tawun da Stellenbosch ke gudanarwa, a kan kundin bincike aka gina shi tun daga tushe. Ɗalibi kan je horo na 'yan makonni, sannan ya koma ƙasarsa da bakin aikinsa, ya shafe kusan shekara biyu yana binciken, malaminsa yana duba shi daga nesa. A nan ne nake ganin ribarki take, domin abin da ɗalibin Landan zai sha wuya kafin ya samu yana gabanki kullum: katunan marasa lafiya da ke jibge a ɗakin ajiya, da dangin da ba sa kawo mara lafiya sai an gama zagayen masu ruƙiyya da masu maganin gargajiya, wani lokaci da tabon mari a ƙafarsa. Tambayar me ke jinkirta zuwan mutanenmu asibiti, ko me ke sa a daina shan magani bayan sallama, ta isa kundi cikakke. Cibiyar ta san irin wannan aiki, don ita ta jagoranci shirin PRIME a Habasha, Indiya, Nepal, Afirka ta Kudu da Yuganda, inda aka gwada shigar da kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ƙananan asibitoci.

Wahalarsa ba ƙarama ba ce, kuma gara ki sani tun yanzu. Za ki haɗa aikin dare da rubutu, ki bi takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike daga ofis zuwa ofis, kuma idan lissafin ƙididdiga ya cije miki babu abokin aji a kusa da za ki tambaya.

Shawarata ita ce, idan kina da tambayar bincike a hannu kuma shugabannin asibitinku za su ba ki dama, ki fara neman Kef Tawun. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma aiwatar da ita yana buƙatar hujjoji daga asibitocin masu taɓin hankali na Kware, Barnawa, Dawanau da Maiduguri, waɗanda ma'aikatan wuraren ne suka fi cancantar kawo su. Misali na kusa shi ne binciken Farfesa Oye Gureje a Ibadan da Kumasi, wanda Lancet ta wallafa a 2020, ya nuna cewa haɗin kai tsakanin masu maganin gargajiya da ma'aikatan lafiya yana inganta lafiyar masu taɓin hankali. Idan kuwa kin san ƙididdiga ba ta zauna miki ba tukuna, kuma tallafi ya samu, Landan za ta gyara miki wannan kafin digirin digirgir. Ko wanne kika zaɓa, ki rubuta wa malamin da kike so ya duba aikinki, ki aika masa da shafi ɗaya na tambayar bincikenki kafin ki cika fom.