Murhun ɗumama gida mai cin masara: ra'ayina a kan yawan mutuwar da yake yi

Ga 'yan uwa mazauna jihohin masara na Amurka irin su Ayowa da Nebraska da Minesota masu tambaya ko murhun nan mai ƙona masara ya ci kuɗinsa, amsata ita ce eh ya ci, amma fa in kai mai ƙyuyar kwashe toka ne wallahi gara ka ci gaba da biyan kuɗin gas ɗinka kawai.

Aikinsa ba wuya, tsabar masara ake zubawa a rumbun da ke jikinsa, wani ƙarfe mai murɗawa irin na cikin injin markaɗe yana turo ta kaɗan kaɗan zuwa kaskon wuta, fanka ɗaya na zuƙe hayaƙi waje ɗaya kuma na huro zafi cikin ɗaki. Zafi kam ba magana, a tsakiyar Janairu falo sai ka cire rigar sanyi. Kuma kar wani ya ce ana ƙona abinci, duk da ni ma raina ya ɗan sosu da farko, masarar gona ce wadda yawanci dabbobi da masana'antar etanol (man da ake gaurayawa da fetur) ke cinyewa, da bushal ake auna ta, bushal ɗaya wajen kilo 25. A 2005 da ake ta rububin sayen murhunan nan bushal wajen dala 2 ne, a farin 2012 kuwa ya haura dala 8, don haka arahar tana bin kasuwa ne.

To matsalar da ta fi ba ni haushi ita ce mutuwa, ka kunna ya kama da kyau can cikin dare ka farka gida ya yi ƙanƙara. Shagon farko da na kira ko zuwa ba su yi ba suka ce bod ɗin kwamfutarsa ne in sayi sabo, kuɗi ba kaɗan ba. Mai gyara na biyu da ya zo bai ko kalli bod ba, takardar dala ya maƙala a bakin ƙofa ya rufe ya ja, ta zare salin alin, ashe igiyar da ke toshe bakin ƙofar ta saki iska na shiga. Akwai wani ɗan makunni da ke jin ƙarfin zuƙar iska a ciki, da zarar ƙofa na yoyo ko toka ta toshe siririn tiyonsa ko bututun hayaƙi sai ya tsayar da turo masara da gangan, don kar hayaƙi ya dawo ɗaki ya kashe mutane. Wato ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi.

Bayan wannan sai ita masarar, in danshinta ya wuce kashi 15 cikin 100 wutar sai ta yi ta lumshewa, sensar da ke tabbatar da akwai wuta ta ji sanyi ta kashe komai. Ga dusa da guntayen totuwa masu cushe ƙarfen turawa, dole a tankaɗe kafin a zuba. Sannan masara in ta ƙone tana barin wani dunƙule mai tauri a kasko wanda ke toshe ramukan iska, nawa kusan kullum sai na ciro shi, wasu na haɗa ɗan garin ɓawon kawa irin wanda ake ba kaji don ya rage tauri. In kuma fankar da ke huro zafi cikin ɗaki ta cika da ƙura murhun zai yi zafi fiye da kima, nan ma wata sensar ta yanke shi.

Abin da ban so ba, littafin da ya zo da shi bai yi bayanin waɗannan a fili ba, fitila ce kawai ke ƙyaftawa ka yi ta lalube. Kuma ba ya aiki in an ɗauke wuta, masara ma ba ta kamawa da sauri sai an fara da dunƙulen garin katako. Na ba shi 4 cikin 5. Wanda zai saya ya haɗa da na'urar gano iskar kabon monoksaid mai guba da bututun hayaƙi na ƙarfen da ba ya tsatsa don hayaƙin masara na cin ƙarfe, kuma kar a kuskura a zuba masarar iri mai launi, magani ne a jikinta.