Madubin Dobson mai inci 8: abin da ya nuna min da abin da ya gagare shi

Idan mai sayar da madubin hangen nesa ya fara yi maka zancen "sau 500" ko "sau 600" na ƙara girman abin da ake kallo, da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ka riƙe kuɗinka. Tambayar farko ita ce faɗin madubin nawa ne. Da wannan ma'auni na zaɓi nawa, irin wanda ake kira Dobson, mai faɗin inci 8, wato milimita 200 da 'yan kai. Na daɗe ina fita da shi, kuma hukuncina bai canza ba: ga mai son ganin sama da idonsa, da wuya a samu wanda ya kama ƙafarsa a ajinsa. Mai neman hoto irin na mujallu kuwa, wannan ba nasa ba ne.

Kamfanoni da dama ne ke ƙera shi, kusan duk fasali ɗaya. Bututun ƙarfe ne mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya, a can gindinsa akwai babban madubi mai kwarmi. Haske ya shigo ta baki, ya faɗa kan madubin, ya dawo sama a tattare, sai wani ƙaramin madubi da aka karkata ya tura shi gefe, inda ake ɗora ido. Wannan tsarin Isaac Newton ne, tun 1668. Abin da John Dobson ya ƙara a shekarun 1960 shi ne mazauni: akwatin katako mai juyawa dama da hagu, bututun kuma ya ɗaga sama ya sauko ƙasa. Shi ke nan. Dobson yakan goge madubansa da hannu daga gilashin tagar jirgin ruwa, ya kafa su a bakin titi a San Faransisko don duk mai wucewa ya leƙa. Ya rasu a 2014, amma tunaninsa na nan a jikin na'urar: a zuba kuɗi a madubi, a rage a duk sauran.

An kuwa rage. Mazaunin nawa a kwance ya zo, allunan garin katako da aka matse, da ƙusoshi masu murɗi, na haɗa shi da kaina babu wata wahala. Sai dai irin katakon nan ba ya shiri da damshi. Idan ya kwana a kan ciyawa mai raɓa, gefensa kumbura yake yi, don haka nakan shimfiɗa masa leda mai kauri. Gilasan ido biyu, wato ƙananan gilasan da ake ɗora ido a kansu a leƙa, aka haɗo min da su, na milimita 25 da na milimita 10. Na 25 ba laifi. Na 10 ɗin kuwa, araha ba ta ado: ƙofarsa 'yar mitsitsiya ce, sai ka manna ido har gashin idonka na sharar gilashi, mai sa tabarau kuma dole ya cire. Shi na fara sauyawa.

Lissafin ƙara girma mai sauƙi ne. Daga babban madubi zuwa inda haske ke haɗuwa milimita 1,200 ne. A raba wannan da lambar gilashin ido: na 25 ya ba da sau 48, na 10 ya ba da sau 120. Ka ga ke nan kowace na'ura, komai ƙanƙantarta, za a iya matsa mata ta kai "sau 600", sai dai abin da za a gani dishi-dishi ne, ƙato amma babu komai a ciki. Ainihin aikin madubi shi ne tara haske. Ƙofar ƙwayar idon mutum, ko ta buɗe iyakar buɗewa cikin duhu, da wuya ta wuce milimita 7. Madubin milimita 200 yana tara kusan ninki 800 na hasken da take tarawa. Bambancin mai tarar ruwan sama da murfin kwalba ne da mai tara da baho. Shi ya sa masana falaki suka shafe ƙarni huɗu suna tseren faɗi. Gilashin da Galileo ya ɗaga sama a 1609 bai wuce 'yan santimita ba. A 1917 aka gama na inci 100 a Dutsen Wilson da ke Kalifoniya. Tagwayen Keck da ke kan Mauna Kea a Hawai kowanne mita 10 ne, an haɗa shi da ɓangarori 36 domin gilashi ɗaya mai wannan girma nauyinsa zai lanƙwasa shi. Wanda Turawa ke ginawa yanzu a hamadar Atakama ta ƙasar Cile zai kai mita 39.

To me inci 8 ke nunawa?

A kan wata, fiye da yadda ake zato. Kada a ɓata dare a kansa ranar da ya cika, domin rana na dukansa kai tsaye, babu inuwa, komai ya baje, ga haske mai kashe ido. A jira shi yana rabi, a bi layin da ke tsakanin haske da duhu. Nan ne duwatsu ke miƙa dogayen inuwowi. Ramin Copernicus, mai faɗin kilomita 93, ana ganin bangonsa hawa-hawa da tsaunuka a tsakiyarsa. A kudu akwai Clavius, wanda a cikinsa wasu ramukan suka yi jere a lanƙwashe, kowanne ya fi na bayansa ƙanƙanta. Nakan zauna a kan wannan wuri ɗaya har wuyana ya yi tsami. Duk baƙon da ya leƙa sai ya tambayi tutar da 'yan sama jannatin Amurka na shirin Apollo suka kafa. Ba a ganinta. Abin da bai kai faɗin kilomita biyu ba ya fara gagarar wannan madubi, tutar kuwa ko Hubble, madubin hangen nesa da ke shawagi a sararin samaniya, ba ya iya hango ta.

Mushtari, wato Jupiter, ita ce ba ta ginsata. Ga ɗamaru biyu masu duhu a tsakiyarta, ga watanninta huɗu da Galileo ya gano a Janairun 1610, yau uku a dama ɗaya a hagu, gobe sun sake jere. Wani daren ɗaya zai gifta ta gabanta, inuwarsa ta fito baƙi ƙirin, ɗigo guda yana tafiya a hankali. Tana juyawa sau ɗaya cikin ƙasa da awa 10, don haka fuskar da ka gani da farkon dare ba ita za ka tarar da tsakar dare ba. Jan tabon nan da ake yawan faɗa yana nan, amma a ido koɗaɗɗe ne, sai an nutsu. Zuhal, wato Saturn, ita ce mai sa mutane salati, har wasu su leƙa bakin bututu ko hoto na liƙa. A daren da iska ta kwanta nakan ga baƙin layin da ya raba zobenta, wanda Giovanni Cassini ya gano a 1675, da watanta Titan a gefe. Wanda zai saya yanzu ya sani cewa a Maris na 2025 zoben ya juyo mana gefensa har ya kusa ɓacewa, kuma sannu a hankali yake sake buɗewa. Mirrihi, wato Mars, tana da rowa: sai ta matso kusa, kusan duk wata 26, take nuna farin ƙanƙarar da ke kanta. Uranus ɗigo ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, ba abin kira maƙwabta ba, amma ina jin daɗin tuna cewa William Herschel ya gano ta a 1781 daga bayan gidansa a Bath ta Ingila, da madubin inci 6 da ɗan kai da ya goge da hannunsa. Nawa ya fi nasa faɗi.

Duk wannan sai iska ta yarda. A takarda, madubin zai iya ɗaukar sau 400. A aikace, yawancin darare da na haura 150 ko 200 sai hoton ya fara rawa, domin iskar da ke samanmu ba ta tsayawa, mai zafi na hawa mai sanyi na sauka, kowace na karkata haske. Daren da taurari ke ƙyaftawa sosai, daren banza ne ga kallon duniyoyi. Shi ma madubin yana da nasa zafin: idan aka fito da shi daga ɗaki, sai an ba shi minti 30 zuwa awa guda ya huce, in ba haka ba ɗumin da ke tashi daga jikinsa ya dagula komai. Wannan matsala ce ta kori manyan cibiyoyin falaki zuwa ƙololuwar duwatsu da busassun hamada. Wasunsu har hasken leza suke harbawa sama su ƙirƙiro tauraron bogi, kwamfuta ta auna rawarsa, ta riƙa lanƙwasa wani siririn madubi sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa don gyara hoton. Hubble da aka harba a 1990 madubinsa mita 2.4 ne kacal, da yawa a ƙasa sun fi shi. Abin da ya ɗaga shi, ya fita daga cikin iska.

Inda masu saye suka fi yin fushi shi ne abubuwan da ke can nesa. Sun ga hotuna ja da shuɗi a intanet, sun leƙa, sun ga toka-toka. Ba laifin na'urar ba ne. Ƙwayoyin idon da ke aiki cikin duhu ba sa rarrabe launi, kuma ido ba ya ajiye haske, abin da ya shigo yanzu ya wuce yanzu. Kyamara kuwa tarawa take yi. Shahararren hoton nan da Hubble ya ɗauka a Disamban 1995, na ɗan ƙaramin wurin da ake gani kamar babu komai, kwana 10 aka yi ana tara haskensa kafin dubban dandazon taurari su bayyana. Masana na yau da wuya su ɗora ido a kan gilashi. Na'urori ne ke karɓar hasken, wasu su warware shi launi-launi, daga nan a karanta sinadaran da ke cikin tauraro, da zafinsa, da ko yana matsowa ko yana gudu. James Webb ma, wani madubin na sararin samaniya da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yawancin hasken da yake kallo idon mutum ba ya ganinsa sam. Launukan hotunansa daga baya ake sa su.

Duk da haka, a wuri mai duhu inci 8 ba ya jin kunya. Gajimaren Orion, inda ake haihuwar sababbin taurari, yana buɗe fukafukai, da taurari huɗu a ƙulle a cikinsa. Curin taurarin Hercules, wanda a ƙaramin madubi tabo ne kawai, a nan yana fashewa ya zama ɗigo-ɗigo ba adadi. Andromeda, dandazon taurari da ke maƙwabtaka da namu, doguwa ce mai hasken tsakiya, kuma hasken da ke shiga idonka ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Da madubin Dutsen Wilson ne Edwin Hubble ya kama wani tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske a cikinta a 1923, ya auna nisanta, aka tabbatar ba a cikin namu dandazon take ba. Har dandazon taurari na M87 na samu, wadda aka nuna hoton baƙin ramin da ke tsakiyarta a 2019, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. A wurina ɗan hazo ne zagayayye. Dabarar ita ce a ba ido minti 20 zuwa 30 cikin duhu, a guji hasken waya, a yi amfani da jar fitila, sannan a kalli abu ta gefen ido maimakon kai tsaye. A tsakiyar gari mai fitilu kuwa, wata da duniyoyi ne kawai ba sa raguwa. Kaza da 'ya'yanta ma ta fi kyau a madubin hannu mai ido biyu, don ta fi faɗin abin da wannan ke ɗauka.

Babu inji a jikinsa, babu batir. Ƙasa na juyawa digiri 15 a awa, saboda haka a sau 120 duk abin da ka saita zai fice daga gani cikin ƙasa da minti biyu. Ka tura, ka kalla, ka sake turawa. Hannu na sabawa, amma idan mutane sun yi layi sai ka zama ɗan dako tsakanin mai kallo da mai kallo. Wannan ne kuma dalilin da ba a ɗaukar hoton abubuwa masu nisa da shi. Waya a bakin gilashi za ta ba ka wata mai kyau, iyakarta ke nan. Neman abu ma da hannu ne: ka fara daga tauraron da ka sani, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin madubin saiti da ke kan bututu, wanda ke nuna sama a kife. Manhajar Stellarium, mai nuna taswirar sama, ta rage min wannan wahala sosai.

Sai saitin madubai. Girgizar mota takan ɗan kauce da su, a gyara da ƙusoshi uku da ke bayan babban madubin. Da farko abin tsoro ne, daga baya aikin minti biyar. Masu Webb watanni suka yi suna saita ɓangarorinsa 18 daga nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, don haka ba na ƙorafi.

Nauyi shi ne abin da ba a faɗa a talla. Bututu da mazauni sun kai kilo 20 ko fiye, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Mai zama a saman bene ko mai ciwon baya ya duba na inci 6, domin wanda ya yi wuyar fitarwa a lungu zai ƙare. Gida mai yara kuma a kula ƙwarai: ba a taɓa juya shi wajen rana, ko na ƙiftawa ɗaya, sai da matatar hasken rana ta musamman da ke rufe bakin bututun gaba ɗaya. Makanta ce nan take, kuma ba ta warkewa.

Idan kuɗi ya rage bayan saye, kafin wani sabon gilashi a fara da kujera mai hawa da sauka. Wurin sa ido yana sauya tsayi duk lokacin da bututu ya motsa, kuma layin Cassini da ya gagare ni ina tsaye a sunkuye, a zaune na fara ganinsa.