Na littattafai ko na Sarauniya? Amsa ga ƙanwata mai neman gwangwanin farko

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari gari ya waye don in amsa miki a natse. Kin ce wani dattijo mai kayan gwanjo a kasuwar Jankara ya fito miki da gwangwanayen biskit biyu. Ɗaya an ƙera shi kamar littattafai a jere an ɗaure su da bel, da sunan Huntley & Palmers a gindinsa, sai dai tsatsa ta kama gefe ɗaya. Ɗayan mai kusurwa huɗu ne, da hoton Sarauniya Elizabeth da shekarar 1953 a kan murfin, fes da shi. Kuɗin na farkon ya ninka na biyun kusan sau huɗu, ke kuma guda ɗaya za ki iya ɗauka.

Da ni ce ke, a Legas ɗin nan, kuma karon farko, na Sarauniyar zan ɗauka. Ina faɗin haka ne alhali zuciyata tana wajen na littattafan, don ko makaho ya shafa ya san ya fi kyau, ya kuma fi tarihi.

Gidan da ya yi shi ba ƙaramin gida ba ne. A 1822 aka buɗe shi a garin Reading na Ingila, ɗan shagon gasa biskit a bakin hanyar da matafiya ke bi tsakanin Landan da Bath. Biskit ɗin yana karyewa a hanya, sai ɗan mai shagon, wanda ke sana'ar ƙarfe a tsallaken titi, ya fara ƙera wa ubansa gwangwani. Daga nan aka samu kamfanin gwangwani na Huntley, Boorne & Stevens. A 1868 suka fitar da gwangwaninsu na farko mai zane, a 1877 kuma suka samu dabarar da ta canza komai: maimakon a buga zane kai tsaye a kan ƙarfe, sai a fara buga shi a kan wani abu mai laushi, shi kuma ya kwashe launin ya manna wa farantin ƙarfen. Da wannan ne aka iya zuba launuka da yawa a kan faranti, sannan a lanƙwasa shi yadda ake so ba tare da zanen ya tsage ba. Shi ya sa daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yaƙin duniya na biyu aka yi ta ganin gwangwani mai siffar jaka, mai siffar fitila, mai siffar mota, da irin naki mai siffar littattafai takwas, wanda ya fara fitowa wajen 1900 zuwa 1901. Lokacin Kirsimeti ake fitar da su don kyauta, kuma tun asali an yi su ne don a cinye biskit a ajiye gwangwanin a falo. Yau gidan tarihin garin Reading yana da zaure guda na kayan kamfanin, gidan tarihin Victoria and Albert na Landan kuma yana da ɗaruruwan irin waɗannan gwangwanaye.

Na Sarauniyar labarinsa gajere ne. An naɗa ta ranar 2 ga Yuni 1953, daidai lokacin da Ingila ke fita daga ƙuncin rabon abinci na bayan yaƙi, sai kusan kowane kamfanin biskit da na alewa da na shayi ya fitar da nasa gwangwanin murna. An yi su da yawa, mutane kuma sun adana su da gangan. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada, kada wani ya ruɗe ki da cewa abu ne da ba a samu. Amma yana da wani abu da ɗayan ba shi da shi: zamaninsa zamanin iyayenmu ne. Kantin Kingsway ya buɗe a Legas a 1948, shi da su Leventis da UTC su ne ke shigo da irin waɗannan kaya, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa kuma suna hawa da su Arewa a matsayin tsaraba. Ita kanta Sarauniyar ta zo ƙasar nan a 1956, har aka yi mata hawan daba a Kaduna. Idan kika ajiye shi a kabet, tsohuwar da ta shigo gidanki za ta tsaya ta ce ta san irinsa, daga nan hira ta ɓarke. Na littattafan kallo kawai za a yi masa.

Ni a wurina abin da ya raba gardama tsatsa ce, kuma a nan zan daɗe.

Duka biyun ƙarfe ne marar kauri aka lulluɓe shi da kuza, irin kuzar da aka yi shekaru ana haƙowa a Jos ana lodawa zuwa Ingila. Rufin kuzar nan bai kai kaurin takarda ba. Muddin yana nan lafiya, ƙarfen yana ɓoye. Da zarar ya kartu, danshi ya samu ƙofa. A Kano ko Katsina, gwangwani mai ɗan tabo zai yi shekara talatin a kan durowa tabon bai motsa ba, saboda rabin shekara iska a bushe take. Mu nan iskarmu jiƙaƙƙiya ce ko da rani, ga gishirin teku a cikinta. Dubi abin da take yi wa kwaɗon ƙofa da ƙarfen taga kafin shekara ta zagayo. Gwangwanin da ya haura shekara ɗari, kuma tsatsa ta riga ta shige shi, idan kika kai shi ɗakinki a Agege damina biyu sun isa su gama da gefen nan.

Na ga wannan da idona, kuma har yau abin yana min ciwo. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana da wani gwangwani zagayayye mai zanen furanni ja da ruwan ƙwai. A ciki take ajiye zare da allura, da maɓallai a ƙulle cikin tsumma, da ɗan guntun sandal, har ya zama ko an kwashe komai, in ka buɗe murfin ƙamshin ne zai fara tarbarka. Shekara da shekaru yana cikin jerenta a Kano, tsakanin kwalla da fanteka, ba abin da ya same shi sai ɗan ɗigon tsatsa kamar ƙwayar gero a bakin murfi. Da aka yi rabon kayanta shi kaɗai na roƙa. Na zo da shi Idi-Araba na ɗora a kan taga don kowa ya gani, ƙura ta hau shi, na ɗauko ruwa da omo na wanke shi tas kamar kwanon tuwo. Ruwan ya shige cikin lanƙwasar gindi inda tsumma ba ya kaiwa. Kafin babbar sallah fentin ya fara kumbura, tsatsa tana tafiya a ƙarƙashinsa siriri-siriri kamar hanyar gara a bango, jajayen furannin kuma rana ta mai da su fari-fari. Yana nan a wurina, amma ba wanda Inna ta bari ba ne.

To ki koma wajen dattijon da rana tsaka, kada ki je da yamma lokacin da rumfa ta yi duhu, ki duba wace irin tsatsa ce a jikin na littattafan. Akwai ta sama, wadda in kin shafa da yatsa za ki ga jan gari a hannunki amma ƙarfen yana nan sumul. Wannan da sauƙi, musamman idan a gindi take inda ba zane. Akwai ta ƙarƙashin fenti, wadda za ki ji gudaji-gudaji kamar ƙuraje in kin bi da farce a hankali. Wannan ba ta da magani, duk abin da za ki yi sai dai ki rage mata gudu. Sai ta uku, wadda ta huda. Kunna fitilar wayarki ki saka a ciki, ki rufe murfin, ki lulluɓe da mayafinki. Duk inda haske ya leƙo, rami ne. Ki duba mahaɗin murfin ko na asali ne ko an ɗaure da waya, ki ga ko bel ɗin da ƙarfensa suna nan daidai. Ki kuma shinshina. Wasu sukan bi wurin da ya lalace da fentin mota ko su shafe gwangwanin duka da banish don ya yi ƙyalli, kuma warin ba ya ɓuya. Tsohon zane a shafe yake, ba ya da sawun buroshi. Gwangwanin da aka sake wa fenti, a wajen masu tarawa, ya faɗi warwas, gara mai tabonsa na gaskiya.

Na Sarauniyar ma kada kyansa ya hana ki juya shi. An yi ta buga gwangwanaye masu tsohon hotonta a bukukuwan cikarta shekara 25 da 50 da 60 a kan mulki, wato 1977 da 2002 da 2012, wasu har da shekarar naɗin a jiki. Idan kin ga baƙaƙen layukan nan da na'urar kanti ke karantawa, to ba na 1953 ba ne, domin sai a 1974 aka fara amfani da su a Amurka, suka bazu daga baya. Idan an rubuta nauyi da giram, ko akwai ranar lalacewar abinci, shi ma na baya-baya ne. Lambar NAFDAC kuwa tana nufin bayan 1993. Wata alama mai daɗi ita ce rubutun izinin fada da manyan kamfanonin Ingila ke sakawa. In ya ambaci King, to tsakanin 1901 da 1952 ne, in ba sabo ba ne na zamanin Sarki Charles da ya hau mulki a 2022. In Queen ce, yawanci ko dai Victoria kafin 1901 ko Elizabeth daga 1952 zuwa 2022. A kan na farkon shekarun 1950 sau da yawa za ki ga an ambaci marigayi Sarki George na Shida. In kuma Allah Ya sa akwai guntun takardar farashi da fam da sule, kada ki ɓanɓare ta, shaida ce cewa an sayar da shi kafin naira ta zo a 1973.

Akwai wani gefe da na littattafan ya yi nasara kai tsaye. Ba shi da hoton mutum. Gidaje da yawa a cikinmu ba sa son hoto a ɗakin da ake salla, kuma in maigidanki ko surukarki na cikin masu wannan ra'ayi, na Sarauniyar zai ƙare ne a ƙasan akwati. Wannan ke kika san gidanki. In haka ne, ki bar su duka biyun ki nemi na zamani ɗaya da shi mai zanen furanni ko jirgin ruwa ko lambu, irin na Peek Frean da Jacob's da Crawford's. Suna da yawa, kuma kuɗinsu bai wuce nasa ba.

Batun sayarwa gaba kuwa, na littattafan ne ke da masu nema a waje, amma masu neman nan lafiyayye suke so, kuma suna da zaɓi, don an yi shekaru ana fitar da irinsa. Mai tsatsa a fuska ba zai dawo miki da kuɗinki ba. Na Sarauniyar ba zai taɓa yin tsada ba, sai dai kuma ba ki zuba masa abin da za ki yi kuka ba. Hausawa suka ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma a wannan harka nagari shi ne wanda jikinsa ke da lafiya, shekaru suna biyo baya. Da shi za ki koyi riƙo, in kin yi kuskure kin yi a kan abu mai sauƙi.

Riƙon kuwa ba wuya. Ruwa dai kada ya taɓa shi, haka omo da soson ƙarfe da kalanzir. Tsohuwar singileti busasshiya ta isa, lunguna kuma ki bi su da buroshi mai laushi. Kada ki ƙulle shi a leda, gumi yake yi a ciki. Kada ki jingina shi da bango ko ki ajiye a kan siminti, kuma ki nisanta shi da taga da kicin. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ki tara su ki jefa biyu-uku a ciki, ki riƙa sauyawa in damina ta kama. Kada ki ɗora wani a kan wani sai da ƙyalle a tsakani. Kuma don Allah ban da zuba cincin ko dabino a ciki don baƙin salla: tsofaffin fenti da abin like gwangwani na wancan zamani sukan ƙunshi dalma, yara kuma ba sa barin abu bai je bakinsu ba.

Kin kuma tambaya ko shuɗin gwangwanin Royal Dansk da ke gidanki yana cikin lissafi. Tun 1966 ake yin sa a Denmak, har gobe yana kanti, kuma kusan kowane gida da shi cike da zare. Ki bar shi a aikinsa, amma in kin ci karo da wanda ba shi da layukan kanti a gindi, wannan ki ware shi gefe.

Idan kin koma kin tarar tsatsar na littattafan a gindi kawai take, fuskar littattafan takwas ɗin lafiya lau, haske bai fito ta ko'ina ba, to magana ta canza, ki taya rabin abin da ya faɗa ki ga inda zai tsaya. Kada ki nuna masa kin mutu a kai, ki fara tambayar wani abu daban a rumfar. Kafin nan ki turo mana hoton gindin kowanne da na cikin murfin, a hasken rana, ba tare da fitilar kyamara ba. Ranar Asabar ina da shiga Idumota, in kina da sarari mu haɗu bayan azahar mu ƙarasa Jankara tare, zan taho da madubin ƙara girman rubutu.