Gashin gwiwa a asibiti: abin da ya yi min da abin da bai yi ba

Duk wadda ta tambaye ni ko gashin asibiti yana maganin ciwon gwiwa, amsata ita ce yana yi, amma da sharaɗi: mafi yawan aikin a ɗakinki za ki yi shi, da ƙafarki. Ni malamar firamare ce a nan Gombe, shekaruna sun haura hamsin, kuma gwiwata ta dama ta daɗe tana gana min azaba. Da asuba a sage take tashi, in na taka in ji ƙaras-ƙaras, kafin la'asar ta yi suntum. Abin da ya fi ci min rai shi ne sallah, don zaman tahiya ya gagara har na koma kan kujera.

Man zafi, jiƙe-jiƙe, ƙahon wanzami, babu wanda ban gwada ba. Da likitan ƙashi ya duba hoton gwiwar ya ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye. Ya hana ni shan diclofenac barkatai daga kemis, saboda yawansa yana jawo gyambon ciki yana kuma taɓa ƙoda, sannan ya tura ni sashen fisiyo, wato inda ake gashi da motsa gaɓɓai.

Wadda ta karɓe ni sa'ar 'yata ta fari ce, amma ta san aikinta. Ba ta kunna ko na'ura ɗaya ba sai da ta yi min tambayoyin da ban zata ba: a kan wace kujera nake zama in ina girki, banɗakinmu na tsuguno ne ko na zama, awa nawa nake tsayuwa a aji. Daga nan ta ɗauko tef irin na tela ta auna cinyoyina biyu, ta juyo min da lambar. Ta dama ta fi ta hagu sirantaka, ni kuwa ban taɓa lura ba. Ta ce, "Mama, tun da ciwon ya fara kike lallaɓa ƙafar nan, shi ya sa tsokar gaban cinyar ta rame. Ita ce ke ɗauke wa gwiwa nauyi, kuma ita za mu tayar."

A farko da gwiwar take da kumburi da ɗumi, ƙanƙara take sa min a cikin tawul kamar minti 15. Na yi mamaki ƙwarai, don mu abin da muka tashi muka sani shi ne ruwan zafi da tsumma. Sai da kumburin ya saɓe aka koma jar fitilar nan mai ɗumi, da wata ƙaramar na'ura da ake manna wayoyinta a fata tana ɗan tsikara da lantarki. Akwai daɗi, ba zan ɓoye ba, amma sauƙinsu na 'yan awanni ne. A kan benci na sha jin mata suna ƙorafi wai yau ba a sa musu inji ba, an ce su yi ta ɗaga ƙafa, sun zo a banza. Raina yana sosuwa in na ji haka, domin ɗaga ƙafar nan da suke rainawa shi ne ya tashe ni.

Motsin ba wani mai yawa ba ne. In kwanta rigingine, a naɗe tawul a ƙarƙashin gwiwa, in danna shi ƙasa in ƙirga goma. In miƙe ƙafar sambal in ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga katifa, in sauke a hankali. In tashi daga kujera in zauna ba tare da dafa komai ba. Safe da yamma, kullum. Kwanakin farko cinyar rawa take yi, zufa tana keto min. Ma'aikaciyar ta ce ɗan ciwon gajiya ba laifi, amma in gwiwar ta kwana da kumburi in rage. Ta koya min hawa matakala da lafiyayyar ƙafa a gaba, sauka kuma da mai ciwon, ta sa na yi sallama da 'yar kujerar tsakar gida. Maganar rage ƙiba ma ba ta ji nauyin faɗa min ba.

Bayan wasu makonni na fara zuwa makaranta in dawo ba kumburi. Yanzu ina ruku'u da sujada a ƙasa, alhamdu lillahi, tahiya ce dai har yau sai na miƙe ƙafar gefe. Da hunturu ya shigo sagewar asuba ta dawo kaɗan, kuma duk lokacin da na yi sakaci da motsin gwiwar takan tuna min. Dama tun ranar farko ta faɗa min gaskiya cewa guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, abin da ake nema shi ne ciwo ya ragu, ƙafa ta yi aiki. Wannan gaskiyar ce ta sa na amince da ita.

Inda na ga gazawa shi ne ƙarancin ma'aikata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke da wannan amosanin, kashi 60 cikin 100 mata. Bencin namu ma shaida ne, ga kuma masu shanyewar ɓarin jiki da yaran da ba su iya zama ba, duk a hannun mutum ƙalilan. Sai ki yi sammako ki kai azahar. In an ɗauke wuta na'urori su tsaya. Masu zuwa daga Dukku, Bajoga ko Kaltungo kuɗin mota kaɗai yana sa su daina zuwa tun aikin bai yi nisa ba. Takardar motsin da ake bayarwa kuma da Turanci take, alhali yawancin iyayenmu da ke wurin ba sa karanta shi. Me zai hana a buga ta da Hausa, da hotuna manya?

Masu zuwa gida su yi gashi sun yawaita a gari. Kafin ki miƙa ƙafarki, ki tambaya ko mutum yana da rajista da MRTB, hukumar da ke ba masu wannan aiki lasisi a Najeriya. Mai ciwon suga kada ta gasa ƙafa da ruwan zafi da kanta, tana iya ƙonewa ba ta ji ba. In kuwa gaɓa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau ga zazzaɓi, wannan ba na gashi ba ne, a nufi wurin likita a ranar.